Kafin Ka Miƙa Tsohuwar Kwamfutarka Ga 'Yan Jari-Bola

Bayan sallar la'asar ɗan yayana ya shigo zaure da laftof a hammata, fuska ba annuri. Ɗalibi ne a shekarar ƙarshe, kuma aikin da ya shafe wata biyu yana bugawa ya ɓace daga filash ɗinsa. Ya kai filash ɗin wani shagon buga takardu a cikin garin Birnin Kudu don a fitar masa da babi na farko, da ya dawo ya soka a kwamfutarsa sai ya tarar kowace jaka ta fito da 'yar kibiya a gindi, ka danna ta ƙi buɗewa. Duk wanda ya taɓa yawo da filash daga shago zuwa shago ya san wannan ciwo.

"Baffa, mai gyara ya ce sai an yi mata fomatin," in ji shi.

Na ce, "Karo na nawa ke nan a bana?"

Ya ce na uku.

Takardun dai mun same su, domin irin wannan bairos ɓoye kaya yake yi, ba ya cinyewa. Maganar fomatin ɗin ce ta tsaya mini a rai. Kowa ya san abin da ake yi idan an ce fomatin: a share komai, a sake ɗora Windows ɗin da ba wanda ya biya kuɗinta, a toshe mata hanyar sabuntawa don kada ta tona asiri ko ta shanye data, a haɗa da Office irin wannan, a karɓi ɗan abin da aka karɓa. Bayan wata uku ko huɗu a dawo. Ba na zargin mai gyara, abin da ya tarar ana yi ke nan. Mun dai saba da kai kwamfuta fomatin kamar yadda ake kai babur canjin baƙin mai, har mun ɗauka haka aka halicce ta.

Laftof ɗin yaron HP EliteBook 840 G3 ce, gwanjo, irin waɗanda ake sarowa daga Farm Centre ko titin Beirut a Kano. Ka duba ofisoshi da gidajen malaman makaranta daga Birnin Kudu zuwa Babaldu, ka gangara Gwaram da Sara, galibi irinsu za ka gani: EliteBook, Folio, Dell Latitude, tsofaffin ThinkPad. Injuna ne masu ƙarko, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka suka zo nan suka buɗe sabon shafi. To amma ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum, kamar yadda ya rufe na Windows 7 a Janairun 2020. Kwamfutar za ta ci gaba da kunnuwa, sai dai ɓarakar da aka gano a ginin ba za a ƙara liƙe ta ba, in ban da ɗan wa'adin da aka ƙara wa waɗanda suka yi rajista ta musamman. Ita kuwa Windows 11 tana da sharuɗɗa: tana neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma a injunan Intel tana neman zubi na takwas zuwa sama. Ta ɗan yayana zubi na shida ce. Lafiyarta ƙalau, amma a takarda an riga an yi mata ritaya.

Mai irin wannan kwamfuta zai iya ci gaba da zama a gidan da ba a gyara masa katanga. Zai iya sa a cusa mata Windows 11 ta bayan fage, masu gyara sun iya, sai dai kamfanin da kansa ya ce bai ɗauki alkawarin komai a kan irin wannan ba. Zai iya sayen sabuwa, idan ya sayar da buhunan riɗin bana. Akwai kuma hanyar da na bi da yaron, wadda nake ganin ta fi dacewa da yawancin gidajenmu, wato a sauya babbar manhajar gaba ɗaya a ɗora Linux.

Babbar manhaja ita ce uwar gida a cikin kwamfuta. Ita ke tayar da inji, ta haɗa allon rubutu da fuska da firinta, sauran manhajoji kuma su zauna a ƙarƙashinta. Windows ɗaya ce daga cikinsu, kuma mallakar kamfani ce, lasisin amfani kawai kake saya. Linux kuwa an bar asalin rubutunta a buɗe, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya kwafa, ya ba maƙwabcinsa, kuma lasisinta ne ya halatta hakan. Manomi zai fi kowa saurin fahimta. Akwai irin da kake saya a leda duk shekara, akwai kuma irin geron da ka gada, wanda kake ware zangarniya mai kyau ka rataye a rumbu, ka ɗiba wa ɗan'uwa idan nasa ya ƙi fitowa. Turanci kalma ɗaya yake da ita ga abin da ba a biya ba da abin da ba a ɗaure ba, shi ya sa masu wannan harka suka daɗe suna fama da bayani. Mu muna da kyauta, muna da 'yanci, kuma Linux ta haɗa duka biyun.

Wani abin da ke ba ni dariya shi ne Linux da Jigawa sa'o'in juna ne. Ranar 25 ga Agustan 1991 wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya sanar cewa yana rubuta wata babbar manhaja don nishaɗi. Bayan kwana biyu, ranar 27 ga wata, gwamnatin Janar Babangida ta yanke Jigawa daga Kano. Abin da ɗalibin ya rubuta ya haɗu da kayan aikin GNU da Richard Stallman ya faro tun 1983, suka zama cikakkiyar manhaja. Yau wayar Android da ke aljihun mai shayi a tashar Gwaram a kan zuciyar Linux take tafiya, haka ma manyan kwamfutoci 500 da suka fi sauri a duniya. Ashe ba baƙuwa ba ce a wurinmu, a kan tebur ne kawai ba mu saba ganinta ba.

An taɓa ƙoƙarin kawo ta kan teburin, kuma yana da kyau a tuna yadda aka kwashe. A 2007 aka raba wa yaran wata firamare a Galadima, kusa da Abuja, 'yan koren kwamfutocin shirin nan na kowane yaro da laftof ɗinsa, kuma Linux ce a cikinsu. A shekarar ce kuma kamfanin Mandriva na Faransa ya samu cinikin ɗora tasa Linux ɗin a kwamfutocin 'yan makaranta 17,000 na Najeriya, sai labari ya ɓullo cewa za a goge a sa Windows, har shugaban kamfanin ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer. A tsakiyar shekarun 2000 ma wani kamfanin Najeriya, Leapsoft, ya fitar da Wazobia Linux mai Hausa da Yarbanci da Ibo. Yau ka tambayi matashi ɗaya a Birnin Kudu ko ya taɓa jin sunanta. A nan Jigawa, zamanin Gwamna Saminu Turaki an yi ta maganar fasahar sadarwa, an kafa cibiyar koyon kwamfuta a Kazaure, kuma ta yaye mutane da yawa. Amma abin da kasuwa ta nema a wurin duk wanda ya koyi kwamfuta a ƙasar nan shi ne Word da Excel da CorelDraw, shi kuwa mai koyo abin da zai ci abinci da shi yake bi.

Abin da na fahimta daga waɗannan shi ne manhajar da aka sauke daga sama a mota, aka yi bikin buɗewa aka watse, ba ta yin saiwa. Jihar Kerala ta Indiya ta mayar da makarantun gwamnatinta kan Linux abin ya zauna, domin malaman makarantun aka fara horarwa, aka bar mai gyara a kusa. Birnin Munich na Jamus, da duk arzikinsa, ya koma Linux, sannan a 2017 majalisarsa ta yanke shawarar juyawa. Saboda haka ni ba gwamnati nake wa magana ba. Da mai laftof ɗaya a gida nake, wanda 'ya'yansa ke koyon buga rubutu saboda jarrabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015.

Matsalar farko da zai ci karo da ita ita ce yawan suna. Da yake kowa na da izinin ɗauka ya gyara, Linux ta yi rassa ɗaruruwa, kuma kowane reshe da masu rantsuwa da shi. Ka tambayi mutum biyar ka samu amsa bakwai. Bari in rage wa mai karatu wahala.

Da farko a ajiye Kali. Na san samarinmu, da zarar an ce Linux sai idonsu ya yi haske, su ce ita suke so, wai ta masu kutse. Kali kayan aikin masu gwajin tsaron na'urori ce, masu yin ta da kansu sun ce ba don sabon shiga aka yi ta ba. Wanda bai iya keke ba ba ya fara koyon tuƙi da tirela. Haka Arch da danginta, na masu son kwance inji su ɗaure ne. Fedora mai kyau ce, amma duk wata shida take fitar da sabon zubi, kowanne kuma bai fi shekara ɗaya da 'yan kai yake samun kulawa ba, ga wanda ke ƙirga data da megabait wannan hidima ce.

Saura uku da suka cancanci a tsaya a kansu. Ubuntu ita ce ta fi suna. Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fito da ita a 2004 a kan harsashin Debian, sunan kuma daga harsunan Zulu da Xhosa yake, ma'anarsa ta yi kusa da abin da muke kira mutuntaka. Har zuwa 2011 masu ita suna aiko da faifanta kyauta ta gidan waya zuwa ko'ina a duniya. Sai dai fuskarta ta yau ta bambanta da abin da ɗan Windows ya saba, kuma tana da ɗan nauyi a kan tsohon inji. Zorin OS, wadda wasu 'yan'uwa biyu suke yi a Dublin, an tsara ta musamman don ta yi kama da Windows, kuma ba ni da abin faɗa a kanta sai alheri. Amma da za a ce in zaɓa wa malamin firamare a Kila ko ma'aikaciyar jinya a Birnin Kudu guda ɗaya, Linux Mint zan ce.

Clément Lefèbvre, Bafaranshe, ya fara ta a 2006, kuma a kan Ubuntu aka gina ta, don haka duk maganin da aka rubuta wa Ubuntu kusan yana yi mata. Ka kunna ta, maɓallin farawa yana ƙasa ta hagu inda hannunka ya saba zuwa, agogo yana dama, jakunkuna suna buɗewa yadda ka sani. Tana zuwa da Firefox na shiga intanet da LibreOffice na rubutu da lissafi, ba sai an nemo an ɗora ba. Zubi na 22, wanda ya fito a Yulin 2024, za a ci gaba da kula da shi har 2029. Abin da ya fi burge ni kuwa shi ne ladabinta wajen sabuntawa. Takan nuna 'yar alama a ƙasa, ta jera abin da ke jira da nauyinsa, ta bar ka ka zaɓi lokaci. Mai sayen data da kuɗin cefane, musamman tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, ya san darajar manhajar da ke sallama kafin ta sa hannu a aljihunsa. Sai ka bari sai dare, lokacin garaɓasar data, ka sake ta.

Mint kala uku ce, kuma ƙarfin injinka ne zai yi maka zaɓi. Idan ram ɗinka ya kai giga 4 ko ya wuce, ɗauki Cinnamon, ita ce cikakkiya. Idan giga 2 ne zuwa 4, ɗauki Xfce, ba ta da kwalliya sosai amma ba ta nishi. MATE tana tsakaninsu. Idan kuwa injin tsohon gaske ne mai bit 32, irin na zamanin Windows XP, waɗannan kalolin Mint uku sun daina yi da su tun 2020, sai a nemi antiX, a kuma rage buri. A nan ma kada a yaudari kowa: shafukan intanet na yau suna cin ram ko wace manhaja ce a ƙasa, Linux ba ta mayar da jaki doki. Wanda ke da 'yan kuɗi ya cire tsohon faifan ajiya mai juyawa ya sa SSD, ko da ƙarami ne. Wannan canji kaɗai ya fi fomatin goma.

Gani ya kori ji, kuma a nan ne Linux ta yi wa kowa adalci, domin ana iya ɗanɗana ta ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfuta ba. Ana sauko da ita sau ɗaya, nauyinta kusan giga 3, a rubuta ta a filash mai giga 8 da 'yar manhaja irin Rufus ko Etcher. A soka filash, a kunna inji ana danna F9 idan HP ce, F12 idan Dell ko Lenovo ce, a zaɓi filash ɗin. Mint za ta tashi daga cikinsa, Windows ɗinka na kwance ba abin da ya same ta. A wannan zama ne za ka gwada komai: tana ganin Wi-Fi? Sauti na fita? Firintar gidan ko ta ofis tana amsawa? Firintocin HP galibi ba sa gardama, wasu kamfanonin kuwa sai an sha ɗan fama. Ka shiga saitin allon rubutu ka ƙara Hausa ta Najeriya, ka ga ɓ da ɗ da ƙ sun fito, ka ƙara Larabci idan kana rubuta darasin Islamiyya. Idan wani abu ya ƙi, ka zare filash, ba ka yi asarar komai ba. Idan komai ya yi, ka kwashe hotuna da takardunka zuwa wani wuri tukuna, ka tabbatar batir ya cika ko kana kan sola, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin ba ta da daɗi, sannan ka ɗora.

Akwai waɗanda zan ce su dakata. Mai shagon da ke cin abinci da CorelDraw, yana zana katin ɗaurin aure da fastar 'yan takara da kalandar saukar karatu, ya zauna inda yake. CorelDraw ba ta da zubin Linux. Akwai Inkscape da GIMP, suna aiki, amma wanda abokan cinikinsa da masu injin bugawa a Kano duk fayil ɗin Corel suke miƙa wa juna ba zai sauya don na rubuta maƙala ba. Haka wanda wurin aikinsa ya ɗora masa wata manhaja ta musamman, ko wanda ya sayi manhajar gwajin JAMB da aka yi don Windows kawai, ya bincika kafin ya share. LibreOffice tana buɗe takardun Word tana kuma adanawa a tsarinsu, sai dai wani lokaci jadawali kan goce ko shafi ya ƙaru idan an buɗe a wata kwamfutar. Maganin wannan shi ne duk abin da za a kai bugawa a mayar da shi PDF tun daga gida. Bairos ɗin filash da ya addabi ɗan yayana don Windows aka rubuta shi, a Mint ba ya motsi, sai ka gan shi kwance a fili ka goge. Amma wanda aka kira a waya aka ce daga banki ne, ya karanto lambobin katinsa, babu manhajar da za ta cece shi.

Duk da na ambaci Mint, akwai abin da ya fi sunan muhimmanci. Idan akwai mutum ɗaya a unguwarku ko a makarantarku da ya iya Ubuntu ko Zorin, kuma zai ɗaga waya idan ka kira, to bi tasa. Bambancin da ke tsakanin ukun bai kai bambancin da ke tsakanin mai abokin tambaya da marar shi ba. Wannan shi ne raunin Linux na gaske a wurinmu. Windows ta lalace, kowane lungu akwai mai taɓawa. Mint ta yi tari a Basirka, wataƙila sai an dangana da Dutse, kuma wani mai gyaran abin da zai fara cewa shi ne a goge a mayar da wadda ya sani. Masu gyara su ma su duba lamarin da idon kasuwa. Injunan da Windows 11 ta ƙi suna da yawa, kuma duk wanda ya fara iya farfaɗo da su a tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, ya ƙara musu SSD, ya koya wa mai su na awa ɗaya, ya samu sana'ar da ba sata a cikinta. Filash ɗaya ya ishi gari guda, kuma halal ne a kwafa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne harshe. Fassarar Hausa a waɗannan manhajoji ba ta taka kara ta karya ba, don haka sabon shiga da Turanci zai yi ta fama, kamar dai a Windows ɗin da ya baro. Bambancin shi ne a nan ƙofar a buɗe take, masu sa kai ne ke fassarawa, ba a neman izinin kowa. Muna da sassan Hausa a jami'o'i da kwalejojin ilimi, muna da matasan da suka cika Wikipedia ta Hausa da maƙaloli. Aikin bai fi ƙarfinsu ba.

Ɗan yayana dai Cinnamon muka ɗora masa, da yake ram ɗinsa giga 8 ne. Makon farko ya kira ni sau huɗu, ɗaya don bai ga inda ake sa lambar shafi ba, ɗaya don kalmar sirrin da take tambaya duk lokacin da zai ɗora sabon abu ta ishe shi. Na ce masa wannan tambayar ita ce ƙyauren gidan, ya haƙura da ita. Daga nan kiran ya ɗauke. Rannan sai ga shi da wani abokin karatunsa ɗan Gwaram, riƙe da tsohuwar Dell, sun ɗora da kansu amma Wi-Fi ya ƙi fitowa. Muka haɗa wayar abokin da kebul, muka ba kwamfutar intanet ta nan, muka buɗe manajan direbobi, ya nuna wanda ya ɓace, muka danna. Kafin a kira magariba ta kama.

Da za su tafi na ce ya dawo mini da filash ɗina.

"Baffa, yana Sara," in ji shi. "Wani malami ya ara, ya ce ranar Juma'a zai aiko da shi."